Na Auna Idon Kyamara da Hannu Kamar Albasa

Assalamu alaikum masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ba zan faɗi sunansa ba, don wanda ya san wajen da ya ji labarin zai gane ni, wanda bai sani ba kuwa sunan ba zai ƙara masa komai ba. Ban yi boko ba, allon ma iyakata surorin da nake sallah da su. Maƙwabciyata malamar firamare ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, ta zuba ta yadda ta fito. Ni ba na ƙirga shekara da lamba. An kawo ni gidan Malam tun ba a haƙa kanal ɗin ban ruwa ba, lokacin da in rani ya yi maza sai su tafi ci-rani, ƙauye ya zama na mata da awaki. Ina goyon 'yar farina ruwan madatsar Tiga ya iso, muka fito muna kallon ruwa yana tafiya cikin siminti a tsakiyar rani kamar an yi masa asiri. Abin da zan ba ku labari kuwa ya faru damina biyu bayan shekarar da tsutsa ta cinye tumatirin Kadawa ƙurmus, kafin annobar da ta sa aka rufe kasuwanni da masallatan Juma'a. Babbar Sallah ce, a tsakiyar damina, shinkafa ta rufe ƙasa ta yi kore shar.

A wancan lokaci, ba yabon kai ba, babu gidan da za a yi biki a unguwarmu ba a zo an ɗauke ni sayen kayan ɗaki ba. Tukunya in na ƙwanƙwasa ta da farce na saurara, zan faɗa miki ko za ta kai ki ga jikoki ko kafin suna za ta huje. Atamfa gefenta nake murzawa. Albasa wuyanta nake dannawa, shinkafa kuma in tauna ƙwaya ɗaya in san ko ta sha rana ko an yi mata gaggawa. Amma babban abin da na dogara da shi hannuna ne. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta koya mini cewa abin kirki nauyi gare shi, duk abin da ka ɗaga ka ji shi fayau ƙarya ce aka shafa wa fenti. Ta kuma koya mini abu na biyu, cewa in ɗan kasuwa yana janye ki daga wani kaya yana tura ki ga wani, to wanda yake janye ki daga gare shi shi ne mai kyau, ya ajiye wa wani ne. Da waɗannan biyun na yi shekara da shekaru ban taɓa jin kunya ba. 'Yan kasuwar Kura har sikeli suke ce mini. In na doso rumfa sai ka ji suna cewa a ɓoye na banza, ga sikeli nan tafe. Ina jin daɗin sunan nan, ba zan ɓoye muku ba. Shi ne ya kai ni inda ya kai ni.

Maigidana, Malam, manomi ne, mutum mai ƙarancin magana. Tun ina amarya bai yarda da hoto ba. Ba ya yi wa kowa wa'azi a kai, shi dai ba a ɗaukarsa. Sau ɗaya aka tilasta masa saboda wani kati na manoman rani, katin kuwa ya zauna a aljihunsa yana ban ruwa har gumi da laka suka wanke fuskar tas, ya ce alhamdu lillahi, ta koma inda ta fito. Sai ga shi Allah ya ba shi auta mai hoto. 'Ya'yanmu shida ne suka rayu, maza uku mata uku, autan nan kuwa noma bai karɓe shi ba, kyamara ce ta karɓe shi, irin ta zamani wadda kana dannawa hoton zai fito a bayanta. Da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa. Biki, suna, walimar sauka, har masu injin casar shinkafa da dillalan tumatir suna kiransa. Ubansa bai hana shi ba, abu ɗaya kawai ya ce masa, kada ya kuskura ya nuna masa bakin abin nan. Auta kuwa bai taɓa ba.

Shekara guda kafin wannan Sallah Malam ya zame a bakin kanal yana buɗe wa gona ruwa, ƙugunsa ya karye. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, tsufa ya yi nasa. Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Ya kwanta a ɗakinsa kan gadon ƙasar da ya gina da hannunsa, ko juya shi za a yi sai ya cije leɓe. To 'yar farina tana aure can kudu, nesa, 'ya'yanta ƙanana ba su taɓa ganin kakansu ba. Ita ce ta dinga roƙon a ɗauki hotonsa, ta bakin Auta, wata da watanni, har ran nan da safe Malam ya sa aka kira ni da Auta. Ya ce ya ji, ya yarda. In Sallah ta zo 'ya'yansa shida sun taru, zai zauna a tsakiyarsu a ɗauke shi. Amma sau ɗaya, a ɗakinsa, kuma kada a sake tayar masa da maganar har ya koma ga Allah. Duk wanda ya san Malam ya san in ya ce sau ɗaya, sau ɗaya ne. Auta ya fito tsakar gida yana dariya yana share ido.

Saura kwana goma Sallah babur ya kayar da Auta a kan gadar kanal. Shi bai ji ciwo ba, kyamarar ma ta tsira, amma idonta, wannan gilashin da ake murɗawa a gabanta, ya tsage, ruwan laka ya shige shi. Ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina kamar an yi masa mutuwa. Na sa aka ja ragunan da na yi kiwo aka kai kasuwa. Da kuɗin suka zo hannuna sai na ce masa ya shirya gobe mu tafi birni tare. Ya ce Inna ai ba sai kin wahala ba, na san irin wanda nake so. Na ce kuɗina ba ya zuwa inda idona bai je ba, kuma ni da ake haya ta don in zaɓa wa 'ya'yan wasu, ba zan zauna a gida a cuci nawa ba. Ya yi murmushi ya ce to Inna, Allah ya kai mu.

Ya kai ni wani shago a kan bene, kyamarori da idanunsu jere cikin gilas kamar kwalaben turare. Mai shagon ya ba ni kujera ya ce Hajiya sannu da hanya, ni kuwa ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, amma ban gyara masa ba. Auta ya faɗa masa abin da yake nema da yarensu na masu sana'a, sai ya ɗauko wani ɗan guntu, tsawonsa bai wuce kofin shayi ba. Ya ce wannan shi ne na yau da kullum, wai zum suke ce masa. In ka murɗa shi nan sai ya buɗe ya haɗiye ɗaki da duk mutanen cikinsa, in ka murɗa can sai ya jawo maka fuskar amarya kusa. Ya ce mai hoton biki da suna ba ya bukatar wani bayan shi, shi ne zai rataya a wuya daga safe har yamma bai gaji ba. Na ga fuskar Auta ta washe. Na ce a ba ni in ji. Da aka ɗora mini shi a tafin hannu sai na ji kamar na ɗauki gwangwanin madarar da aka shanye. Na ƙwanƙwasa da farce, na ji roba. Zuciyata ta ce raguna ne za su tafi a kan wannan?

Ina ɗaga kai sai na hango wani a can saman kanta, tsaye shi kaɗai, baƙi wuluk, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu, bakinsa kamar murfin kwanon miya. Na ce a sauko mini da wancan. Mai shagon ya yi dariya, amma ya sauko da shi. Da na karɓa sai da na sa hannu biyu. Sanyin ƙarfe, nauyi kamar ɗan jariri. Na ce yauwa, yanzu aka zo wajen. Bawan Allahn nan bai ɓoye mini komai ba, wallahi zan shaide shi gobe ƙiyama. Ya ce Hajiya wannan na masu ɗaukar tsuntsu a daji ne da masu ɗaukar 'yan ƙwallo daga bakin fili. Nesa kawai yake gani. Duk abin da bai kai taku biyar ko shida daga gare shi ba, ba ya ganinsa, a cikin ɗaki makaho ne, ga shi da son haske kamar ƙadangare. Ya ce na hannu ne ma, ya daɗe a shagon babu mai tambaya, shi ya sa kuɗinsa bai yi wa ƙaramin nisa ba. Na ji duk abin da ya faɗa, na kuma gane. Ban dai yarda ba ne. Ina zaune ina jin muryar mahaifiyata, ga ɗan kasuwa yana janye ni daga mai nauyi yana tura ni ga fanko. Na ce a raina ya ga silifas ɗina da zanena na ƙauye, ya ajiye na kirkin don wani mai babbar riga.

Auta ya sunkuyo ya ce mini a hankali Inna gaskiya ya faɗa, ƙaramin shi ne na aikina. Na juyo na dube shi a gaban mutane na ce yaushe aka haife shi da zai koya mini kasuwa, zanen da aka goya shi da shi ma ni na zaɓa, har yau yana nan bai kode ba. Na ce ido ai ido ne, wanda ya ga nesa ta yaya zai kasa ganin abin da ke gaban hancinsa? Mutanen shagon suka yi dariya, na ɗauka goyon bayana suke yi. Auta ya sunkuyar da kai. Mutum mai mata da 'ya'ya uku, amma bai iya musu da ni a gaban baƙi ba, haka na rene shi, ina kuma alfahari da hakan. Mai shagon ya ce to Hajiya tunda kin nace, ku riƙe takardar sayen, in bai yi ba a dawo da shi a canza. Na ce abin da na zaɓa ba ya komawa. Yana naɗe shi na ji ya ce wa Auta ƙasa-ƙasa, Allah ya ba da haƙuri, abokina.

Da muka sauka daga mota, tun a bakin kanal na sa Auta ya ɗaura shi. Can tsallaken gonaki akwai wani mutum yana feshi, ɗan tsito kamar tururuwa. Na ce ya ɗauko mini shi. Ya danna ya nuna mini, sai ga fuskar wani ɗan ƙauyen gaba da muka sani, har jan goron da ke haƙoransa. Na yi guɗa. Kafin magariba mata sun cika gidana, ina ce musu idon da na sayo daga nan yana hango Madobi, duk mai gulmata ta yi a cikin ɗaki. Auta ya bari suka watse, ya shigo ɗakina ya saita shi a kan jeren kwanukana ya danna, ya miƙo mini. Ban ga kwano ba, sai wani hazo mai ja da fari. Ya ce Inna kin gani, ɗakin Baba ma bai kai naki faɗi ba. Na ce hannunsa ne bai saba ba, sabon jaki ma sai an koya masa hanyar gona. Ya ce akwai abokin sana'arsa a Kura mai kyamara irin tasa, zai aro ƙaramin na yini ɗaya kawai. Nan ne na yi maganar da ta fi komai muni. Na ce kayan aro ba ya rufe katara, ubansa da bai taɓa aron ko fartanya ba ba za a ɗauke shi da idon aro ba, kuma in ya shigo mini da na wani gidan nan ban yafe ba. Ni a bakina kawai na faɗa, irin yadda muke faɗa. Shi a zuciya ya ɗauka.

Washegarin Sallah da hantsi aka shirya Malam. Wanzami ya zo ya gyara masa gemu, aka sa masa farar rigar da yake zuwa idi da ita, na sa masa kwalli da hannuna, aka ɗora hula. Kafin a shiga na ɗauki ƙwarya na bi 'ya'ya da surukai ɗaya bayan ɗaya na karɓe wayoyinsu, na kulle a akwatina, na ƙulle makullin a bakin zane. Na ce musu na ga yadda hoton marar lafiya yake yawo daga waya zuwa waya kamar akuyar sayarwa, ba za a yi wa mijina haka ba. Wannan shi ne abin da na faɗa. Abin da ke cikina kuwa, so nake in an buga hoton an rataye, duk wanda ya tambaya a ce da idon da Inna ta zaɓa aka ɗauka.

Ɗakin Malam taku uku ne a faɗi. Gadon ƙasar yana jikin bangon da ƙofa take, wato in kana waje ba ka ganinsa, kuma gini ne, ba ya matsawa. Taga ɗaya ce 'yar ƙarama, ga hadari ya haɗo ranar. Manyan maza biyu suka tallafe shi ya zauna, matan suka durƙusa a gabansa. Auta ya shigo da abin nan a hannu, niyyarsa in ya saita sai ya ba wanzami ya danna shi kuma ya shiga cikin 'yan'uwansa. Malam ya dubi abin ya dube ni, ya ce wa Auta daka ya zo yi ko hoto, uwarsu ta sayo masa taɓarya sai a nemo turmi. Kowa ya yi dariya har ni. Rabona da jin ya yi wasa tun kafin ya faɗi.

Auta ya ɗaga ya saita. Idon ya fara wani ƙugi, zuu ya fita, zuu ya dawo, ya ƙi tsayawa. Ya ja da baya har bayansa ya bugi bango. Ya tsuguna a lungu, ya hau kan buhun iri, ya sauko, ya fita waje ya leƙo ta ƙofa, daga can kuma ba a ganin komai sai diddigen ƙanwar 'yar farina. Ya dawo gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Dariya ta ƙare a ɗakin. Ina ganin leɓen Malam yana motsi, yana salati, rigar tana jiƙewa a ƙirji. Babban ɗana ya ce Baba fa jikinsa rawa yake. Sai 'yar farina ta dubi ƙanwarta ta ce a gaya wa Inna a ɗauko waya ko guda ɗaya ce. Kun san al'adarmu, 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a amsa mata a gaban mutane, ita ma ba ta yi miki magana kai tsaye. Na ɓuya a bayan al'adar nan, na yi kamar ban ji ba. Ta sake aikowa ta bakin ƙanwar, na ce wa Auta ya natsu ya murɗa da kyau. A karo na uku sai ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na haife ta, ta ce Inna don girman Allah. Na dubi bango na ce mutane su yi haƙuri mana, abin kirki ba ya son gaggawa.

Wani ya ce a fito da shi tsakar gida, in ya so Auta ya tsaya a zaure. Mazan suka sa hannu za su ɗaga shi, sai Malam ya yi wata ƙara. Shekarun da na yi da mutumin nan, kunama ta harbe shi, lauje ya sare shi, ƙugun ma da ya karye ban ji muryarsa haka ba. Suka sake shi da sauri. Da numfashinsa ya dawo ya ce a kwantar da shi. Ya sa hannu ya cire hular da kansa ya miƙo mini. Ya ce ya yi alkawari ya zauna, ya kuwa zauna, abin da Allah bai rubuta ba ba a ɗaukarsa. A lokacin ne na fita da gudu, ni tsohuwa. Ƙullin bakin zanen ya ƙi kwancewa sai da na sa haƙori. Na dawo da ƙwaryar wayoyin a hannu na tarar ya juya fuskarsa bango. 'Yar farina ta durƙusa tana kuka tana cewa Baba ko a kwancen ne, ko kai kaɗai. Ya ce mata Allah ya yi mata albarka, sau ɗaya ya ce. Babu faɗa a muryarsa. Da ma ya yi faɗan.

Da yamma Auta ya nuna mini abin da ya samu, don ni na matsa. Ya danna ya fi sau ashirin. Duk ɗaya ne, fari da ruwan ƙasa a cakuɗe kamar an dama fura a nono. A ɗaya daga ciki ya ce nan gemun ne. Na ƙura ido har hawaye ya zo, ban ga gemu ba.

Kwana biyu 'ya'ya suka watse, kowa da abin da ke jiransa. Auta bai nemi izinina ba wannan karon, ranar da kasuwa ta buɗe ya koma birni, mai shagon ya karɓi dogon ya ba shi guntun. Amma tun zaman nan zazzaɓi ya kama Malam, ƙugun ya kumbura, kafin Auta ya dawo ya daina gane mutane, bakinsa ya saki, idanun sun faɗa. Auta ya tsaya daga cikin ƙofa ya ɗaga kyamarar, ina bayansa ina kallo. Wallahi ɗakin nan gaba ɗaya ya shiga cikin ɗan gwangwanin da na raina, gado da buta da carbin da ke rataye a ƙusa, har da wurin da mutum shida za su zauna a sake. Ya daɗe a haka, sai ya sauke bai danna ba. Ya ce Baba bai ba da izinin wannan fuskar ba. Malam ya rasu kwana takwas bayan Sallah, da la'asar, ana ruwa. Mutane suna ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma san haka ne. Amma na san wanda ya tsawaita zaman nan a kan karyayyen ƙugu.

Babu wanda ya taɓa goranta mini, wannan ne ya fi ci na. Auta kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni. Da guntun nan yake aiki har yau, bikin da ba ya zuwa kaɗan ne, amma bai sake shigo da kyamara gidan nan ba, a shagon wani yake ajiye ta. 'Yar farina tana aiko da sabulu da atamfa, in an haɗa mu a waya sai gaisuwa, ya jiki, ya damina, shi ke nan. Da ta kawo 'ya'yanta sadakar arba'in suka zagaye ni suka ce in faɗa musu yadda kakansu yake. Ni da nake ba da labari mata su manta tuwo a kan wuta, sai na ji ina tsinto shi daga fuskokin mutane, hancinsa irin na kawunku wane, goshinsa irin na gwaggonku wance. Ƙaramar ta ce to duka a haɗe yaya yake? Yanzu kuma abin ya zo kaina. Ina tuna ƙeyarsa in ya sa kai zai tafi gona, ina tuna faso a diddigensa da irin tarin da yake yi kafin ya shigo gida. Fuskar ce take zuwa tana komawa, in na ce zan riƙe ta sai ta narke. Bara tana zuwa fiye da bana.

Na daina zuwa sayen kayan ɗaki. In an zo sai in ce ƙafa ce. Abin da nake so in faɗa wa tsofaffi 'yan'uwana, musamman mu da aka saba yaba wa, shi ne hannun da ya san tukunya bai san komai da komai ba. Duniya ta kawo kayan da ba a auna su da nauyi. In ɗanki zai sayi kayan sana'arsa, ko da kuɗinki ne, ki ba shi ki yi addu'a ki zauna a gida, shi ne zai riƙe abin, shi ya san ɗakin da zai shiga da shi. In kuma kin je, ki tambayi abin da za a yi da kayan kafin ki tambayi wanne ya fi girma, kuma ba kowane ɗan kasuwa ne yake miki ƙarya ba. Kada ki ɗaure ɗanki da ban yafe ba a kan abin da ba ki sani ba, don ɗan kirki zai bi ki ku faɗa ramin tare. Ku kuma yara masu sayen irin wannan ido, ku sayi wanda yake ganin mutanen da ke kusa da ku. Wannan ba zai dawo mini da komai ba, na sani. Ina faɗa ne don na rasa wanda zan faɗa wa a gida.

Cikin waɗanda suka shiga ɗakin nan ranar, wanzamin ya rasu a shekarar annoba. Babban ɗana ya bi ubansa lokacin da aka yi wahalar takardar kuɗi, shi ne kuwa ya fi kowa kama da shi. Mai shagon ban san ko yana nan ba, in wani ya karanta masa wannan ya yafe mini zaton da na yi masa. Saura 'yar farina can kudu, da ƙannenta mata biyu a gidajen mazajensu, da na tsakiyar mazan yana dillancin albasa, da Auta. Akwai ƙanin Malam, yana nan da rai a ƙofar gidansa, amma ido ya tafi, in na tambaye shi sai ya ce shi yana tuna yayansa ne yana yaro suna kiwo. Sai ni, da nake zaune da hular a ƙarƙashin matashi. Wanda duk ya tafi a cikinmu da guntun fuskar yake tafiya, babu kuma inda aka ajiye saura.